Gargaɗi A Kan Kaska Da Zazzaɓin Da Take Ɗauke Da Shi

  

Duk mai kiwo a ƙasar Gwarzo da Kabo ya san da zarar ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro, kaska sai ta yawaita a hantsar saniya da ƙarƙashin wutsiya da kunnen rago. An saba ɗaukarta ɓarnar dabba kurum, mai shan jini, mai jawo kirci. To, a sani cewa wata irinta, mai zane a ƙafafu, tana ɗauke da ƙwayar cuta mai kashe mutum.

Likitoci sun fara gane ciwon a Kirimiya a 1944, aka sami ƙwayarsa a Kwango a 1956, har a 1969 ta tabbata abu guda ne, aka haɗa masa sunan ƙasashen biyu. Ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin tsakanin 1964 da 1968 masu bincike na Jami'ar Ibadan sun same shi a jikin kaska da shanu. Yana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da na baya, bayan 'yan kwanaki sai haɓo da zubar jini daga dasashi. Cikin goma da suka kamu, ɗaya zuwa huɗu sukan rasu.

Abin tsoron shi ne dabbar ba ta nuna alama. Sa yana iya zuwa kasuwar Getso da ƙibarsa, yana cin dusa lafiya lau, alhali cutar tana cikin jininsa har kamar mako guda. Mahauci ya yanka, jini ya taɓa tsaga a hannunsa, shi ke nan. Haka ta faru a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003, da Iraki a 2022, inda a Irakin akasarin waɗanda suka kamu masu hulɗa da dabbobi ne.

Saboda haka al'adar sa yara da almajirai su cire wa ragon layya kaska da hannu, su murtsuke ta da farce, ya kamata a bar ta. Yaro amana ne a hannun malaminsa, kuma tun can jini mai kwarara najasa ne a fiƙihu, ba abin wasa ba. A cire ta da hantsaki, a jefa a wuta. A nemi malamin dabbobi ya yi feshi mako biyu kafin yanka. Mai fiɗa ya sa safar hannu, ko leda ce ta fi babu.

Wani zai ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma shari'a ba ta kira sakaci tawakkali ba. Wanda zazzaɓi ya kama bayan cizon kaska ko bayan yanka, kada a ce shawara ce a tsaya jiƙo. A kai shi asibitin Gwarzo ko na Kabo, a gaya wa likita ya taɓa jinin dabba. Masu jinya da masu wankan gawa su kiyayi jininsa, domin ta nan ma ana ɗauka.

Dagatai da limamai da sarakunan fawa su ne mutane ke jin maganarsu. Su sanar a masallatan Juma'a da ranar kasuwa tun hadari bai haɗu ba.