Da Sanyin Safiya Ake Kama Hoton Kebbi

Duk wanda ya nemi hoton Jihar Kebbi a intanet, abu ɗaya ne zai fara cika masa ido: dubban masunta sun auka ruwan Matan Fada da homa da gora, ruwa ya dame, ana fitowa da giwan ruwa a kafaɗa. Hoto ne mai kyau, kuma ba a banza ya yi suna ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai bikin na 'yan kwanaki ne, kamun kifin kansa kuwa kusan sa'a guda ne an gama. Sauran kwanakin shekara fa? Da aka yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba, kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020, tsofaffin hotuna jaridu suka yi ta jujjuyawa, kai ka ce garin ma ya tafi hutu tare da bikin.

Abin da nake son faɗa a wannan makon shi ne, da asuba Kebbi take yin aikinta, kuma 'ya'yanta ne suka fi kowa damar ɗaukar hotonta a wannan lokaci. Baƙon da ya zo daga Legas ko Abuja yana masauki yana jiran direba. Matashin Gesse ko Badariya ko Takalau a Birnin Kebbi kuwa ya riga ya tashi sallah, wayarsa na aljihu. Abin da ya rage masa kawai shi ne kada ya koma shimfiɗa.

Amma sai an san lokacin. Agogon Najeriya ɗaya ne daga Maiduguri har Kamba, rana kuwa ba ruwanta da agogo. Duniya na juya digiri ɗaya cikin kowane minti huɗu, Birnin Kebbi kuma tana can ƙuryar yamma, don haka sai rana ta fito wa Kano da kusan minti 17 sannan ta iso mana, Maiduguri kuwa ta riga mu da fiye da rabin sa'a. A ƙarshen Janairu sai bakwai ta gota da kusan minti goma ake ganin ƙwayar rana, a farkon Yuni kuwa wajen shida da kwata ta fito. Alfijir na riga fitowar rana da sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Ke nan wanda ya yi sallar asuba cikin jam'i, ya ɗan zauna ya yi zikirinsa, yana da sauran lokacin da zai tari kabu-kabu ya isa bakin fadama kafin gabas ta yi ja.

Masu koyar da hoto a Turai sukan ce mutum na da sa'a guda cur ta haske mai laushi bayan fitowar rana. Gaskiyarsu, domin a can a karkace rana take hawa, tana jan ƙafa. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, a miƙe take tashi. Daga lokacin da za ka iya shaida fuskar mutum zuwa fitowarta minti ashirin ne da 'yan kai, bayan ta fito kuma cikin rabin sa'a haske ya yi ƙarfi, inuwa ta yi baƙi, kowa ya fara yamutsa fuska. Wanda ya tsaya neman wurin tsayawa a wannan ɗan taƙin ya yi asarar safiyarsa. Tun jiya da la'asar ake zuwa a ga wuri, a gane hanya, a gaisa da mutanen da za a tarar gobe.

A nan sanin ƙasa ke da amfani. Birnin Kebbi da Argungu duka a tudu suke zaune, gulbi da fadama na shimfiɗe ta arewa da yammacinsu. Ma'ana, ta bayan gari rana take ɓullowa. Wanda ya tsaya ta gefen gari ya fuskanci fadama, haske na bayansa, yana sauka a fuskokin manoma da masunta, launin shinkafa da na tufafi duk su fito. Wanda kuma yake son ƙwayar rana da ruwa a hoto ɗaya, sai ya ƙetare, ko ta hanyar Dukku da ta ratsa fadama zuwa Makera, ko ya shiga kwale-kwale, ya juyo ya fuskanci gari. A nan mutane da itatuwa da hasumiyoyin masallatai za su fito baƙi a jikin jan sama. Kuma mafitar rana ba ɗaya ba ce duk shekara. A Maris da Satumba gabas sak take fitowa, a Yuni ta karkata arewa da sama da digiri 20, a Disamba ta koma kudu da kamar haka. Giginyar da rana ta fito ta bayanta da damina, da hunturu can gefe za ta bar ta.

Kowane yanayi da irin safiyarsa. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Cadi takan dushe rana har ta koma fari fat kamar faifai, nesa ta ɓace, sai abin da ke kusa. Wasu na ganin wannan ya ɓata hoto. Ni kuwa ina ganin babu lokacin da ya fi shi fito da mutum, domin hazo ya share duk tarkacen da ke bayansa. Da damina gajimare ne ke kawo launi, musamman safiyar da aka kwana ana ruwa. Da kaka iska ta wanke, raɓa na kan ciyawa, ana yankan shinkafa. Da bazara kuwa sai a yi sauri, zafi ba ya jiran kowa.

A je fadama a watan Fabrairu, lokacin noman rani, a tsaya kusa da manomi guda. Ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, ya yafa tsohuwar rigar sanyi, ya sunkuya kan injin ban ruwa yana fizgar igiya. Sau biyu injin ya yi tari ya mutu, a na uku ya kama. Tiyo ya kumbura, ruwa ya fara tuttuɗowa, yana tururi saboda ya fi iskar waje ɗumi. Manomin ya ɗauki fartanya ya buɗe bakin fangali, ya tsaya yana kallon ruwa na bin ƙasa, balbelu na sauka a bayansa. A wannan tsayuwar akwai tsadar man fetur, akwai bashin taki, akwai duk maganar da ake yi tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance. Mun sha ganin hoton dalar buhuna da manyan baƙi a gabanta. Hoton wanda ya tayar da injin da asuba shi ne ya yi ƙaranci. Idan shinkafa ta fara nuna kuma, yara ne za a tarar da gwangwani da majajjawa suna korar jan-baki tun kafin su karya kumallo.

A Argungu, wanda yake son safiya gara ya kwana a garin, da ya kama hanyar kusan kilomita 50 cikin duhu. Wurin da ake bikin a hane yake da su sai lokacinsa ya yi, kuma Sarkin Ruwa ke da iko da shi, amma sauran gulbin na nan da masu shi. Da sassafe ake zagayen mamari da kalli da aka kwana da su a ruwa, ana ciro tarwaɗa da karfasa, dillalai na jira a gaɓa da kwanoni. Mai jefa birgi shi ne gwajin haƙurin mai hoto: sai ka lura da yadda yake karkata kafaɗa, ka danna kafin ya saki, in ka jira sai ragar ta buɗe to ta riga ta faɗa ruwa. A cikin gari kuma akwai gidan tarihi na Kanta, wanda fadar sarki ne har zuwa 1942 kafin a buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Tsohon gini irin wannan da hasken gefe yake magana, duk wani tudu da kwari na jikin bango sai ya fito, abin da rana tsaka ke shafewa. Wanda bai iya zuwa ko'ina ba ma, ƙofar gidansu ta ishe shi: mai shayi na hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko, 'yan makaranta na jiran a zuba musu.

Kayan aiki ba su ne matsala ba. Wayar da ke hannun yawancin matasanmu ta isa, in an kiyaye abubuwa kaɗan. A yi caji tun dare, tunda wuta ba ta da alkawari. A hure ƙura daga idon kyamara kafin a goge da ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturu na karce gilashi. A taɓa wurin da ya fi haske a fuskar waya a rage hasken kaɗan, in ba haka ba jan sama zai wanke ya koma fari. Kafin rana ta fito hannu na rawa hoto ya dushe, sai a jingina da bango ko a ɗora gwiwar hannu kan sirdin babur. Maimakon jawo abu da yatsa, a taka a matsa kusa. Mai babbar kyamara kuma kada ya canza gilashi a fili cikin hazo, kada kuma ya leƙa rana kai tsaye ta dogon gilashi, ido ba shi da na canji.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne ladabi. Da asuba mutum bai gama shirin haɗuwa da jama'a ba. Sallama ake fara yi, a ce "Ina kwana, Baba, sannu da aiki," a tambayi ruwa, a tambayi gona, sannan a nemi izini. Dattijon zai iya ɗago kai ya ce, "Yaro, mi za ka yi da shi?" Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma wanda ba shi da amsar bai kamata ya ɗaga waya ba. In ya ce a'a, magana ta ƙare, domin akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma haƙƙinsu ne. Mashayar da mata ke wanka da wanki ba wurin mai hoto ba ce ko daga nesa. Almajirin da ke rawar ɗari ba abin neman yabo a Facebook ba ne. In an ɗauka, a nuna wa mai shi, in da hali a wanke a kai masa.

Haka kuma a yi hattara da halin da ake ciki. Tun harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, mutanen karkara ba sa sakin jiki da baƙuwar fuskar da ta ɓullo cikin duhu tana ɗaukar hoto, kuma ba a ga laifinsu ba. A tafi da ɗan gari, a sanar da mai unguwa, a kauce wa bariki da shingen jami'an tsaro, a bar jirgi maras matuki sai da izini.

Na san wani zai ce wannan aikin ƙoshi ne, ana fama da abin sawa a baka wa ke ta hoton rana? Ga amsata. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan, ta karya gadoji, ta raba ƙauyuka da hanya. Da aka zo lissafin ɓarna, hotunan bayan ruwa sun cika gari, na kafin ruwa ne suka yi wuya. Gulbi na sauya hanya, gaɓa na zaizayewa, gari na cin gonaki. Dattawan Birnin Kebbi sun san lokacin da unguwanni da dama na yau gonaki ne, amma da baki kawai za su iya faɗa. Hoton da aka ɗauka a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara bayan shekara, shaida ne da ko kotu ba za ta raina ba. Fati Abubakar ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a 2015, a shafinta mai suna Bits of Borno, lokacin da duniya ba ta ganin komai a Borno sai bam, kuma ta sa an ga 'yan kasuwa da 'yan makaranta da angwaye. J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yau gidajen tarihi na duniya ke ajiye da su. Babu ɗayansu da ya jira biki.

Sai dai hoton da ba shi da rana da wuri ya yi asarar rabin darajarsa, kuma a nan muka fi sakaci. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yakan ragu, bayanin ranar da aka ɗauke shi ma ya goge, sai in an tura shi a matsayin fayil. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, aikin shekara uku ya tafi. Kowane hoto a rubuta masa suna da wuri da kwanan wata, a ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Kirana ga hukumomi kaɗan ne, kuma bai kai kuɗin rumfar manyan baƙi ta rana ɗaya ba. Gidan tarihi na Kanta ya buɗe ma'ajiyar hotuna da za ta riƙa karɓa daga jama'a, da sunan mai ɗauka da izinin wanda aka ɗauka. Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su ba ɗalibai aikin bin wuri guda na tsawon zangon karatu. Masu shirya bikin Argungu su ware bango ɗaya don hotunan sauran watannin shekara, baƙi su ga inda kifin da shinkafar suke fitowa. Matasa kuwa ba sai sun jira kowa ba. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da zai iya isa bayan sallar asuba, ya riƙe shi duk mako har shekara ta zagayo, ya rubuta kwanan wata. In mutum ashirin suka yi haka tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, baɗi war haka jihar nan na da tarihin da babu ma'aikatar da ta taɓa tara irinsa.