Iskar Farkon Damina Da Gargaɗin Da Ba Ya Isa Ƙauye

A farkon kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina a Abuja: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a yi fari. Aiki ne mai amfani, kuma an kyauta da ake fassara shi zuwa Hausa. Sai dai tsakanin Afrilu da Yuni, abin da ƙaramin ƙauye ya fi tsoro shi ne iskar da ke zuwa gaban ruwan, ita kuwa ba ta cika samun wuri a maganar hasashe ba.

A ƙarshen bazara iska mai danshi daga tekun Atlantika takan fara tura busasshiyar iskar hamada zuwa arewa. Ga ƙasa ta ɗau zafi, sai hadari ya haɗu, ya jeru sahu guda, ya doshi yamma. Shi ya sa manomi ke duban gabas. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, iska mai sanyi kan faɗo daga cikin gajimare ta bazu da ƙarfi, ta ɗebi ƙura har gari ya yi ja. Cikin 'yan mintuna ta yaye kwanon makarantar firamare, ta kifar da rumbu, ta karya turakun lantarki inda akwai su. Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga labarai: geron da bai daɗe da tsirowa ba, yashi ya tsarge shi ko ya binne shi, manomi ya koma neman iri a lokacin da ya fi tsada.

Me mutumin karkara ke ji a rediyo? Wai ana sa ran tsawa da ruwan sama a sassan jiha kaza. Jiha guda, mai ɗaruruwan ƙauyuka! Tashoshin auna yanayi kuwa yawancinsu suna filayen jiragen sama da manyan birane ne.

Gaskiya ne babu masanin da zai iya cewa tun jiya ga ƙauyen da iska za ta afka wa gobe. Amma da zarar hadarin ya haɗu, ba ya ɓuya. Tauraron ɗan'adam na Meteosat na ɗaukar hoton samaniyar Afirka a kowane minti 15 ko ƙasa da haka, kuma irin wannan hadari kan yi tafiyar kusan kilomita 50 a awa. Ke nan wanda ya ratsa Potiskum da la'asar zai iya isa ƙauyukan Azare bayan kamar awa biyu. Awa biyu sun isa a kira yara daga daji, a kwance dabbobi daga gindin bishiya, a kashe wutar murhu kusa da jinka, masu kwale-kwale su tsaya a gaɓa.

Hanyar isar da saƙon ma tana nan. Kamfanonin waya da ke cika mu da tallace-tallace dare da rana ba za su kasa tura layi biyu na gargaɗi da Hausa ba. Gidan rediyon jiha na iya katse shiri, mai unguwa ya sa a sanar a lasifikar masallaci. Abin da ya rage shi ne hukumomin agajin gaggawa na jihohi, waɗanda muka saba gani da buhunan shinkafa da bandir ɗin kwano bayan an yi asara, su zauna da NiMet su tsara wanda zai kira wa.

Sai kuma bishiya. A kwarin Maggiya da ke jihar Tahoua a Nijar, tun 1975 aka fara dasa darbejiya jeri-jeri don tare iska, gonakin da ke bayansu suka samu sauƙi. Mu a nan, bishiyoyin da ke gabashin ƙauyukanmu gawayi muke yi da su.