Waiwaye: Kududdufan da Muka Cike, da Ramukan da Aka Bar Mana

A zamanin da kowa a Potiskum gidan ƙasa yake ginawa, magini ba ya nisa neman ƙasa. Bayan unguwa ake haƙa, a kwaɓa, a yi tubali, ramin da ya rage ya zama kududdufi. Da damina ruwan lunguna can yake gangarawa ya kwanta, dabbobi su sha, magina su yi ta ɗiba har rani ya yi nisa. Ba a rasa shi da illa, ga sauro ga tsargiya, amma yana ɗauke wa gari ruwa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 gari ya ƙara cika, kasuwar shanu da harkar tireloli suka jawo jama'a, fili ya yi tsada. Sai aka shiga cike kududdufai da shara da ɓaraguzai, a yanka fuloti, a aza bulo, a dafe tsakar gida da siminti. Ruwa kuwa bai san an sayar da makwancinsa ba. Idan ya zo ya tarar da katanga, ɗakin maƙwabci yake faɗawa, galibi na wanda bai da halin ɗaga fandisho.

Sannan ga tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilarta a 2006, aka miƙa ɓangaren Azare zuwa Potiskum a ƙarshen 2021. Duk wanda ya san tsohuwar hanyar, da yadda ake gogayya da manyan motoci a kanta, ba zai raina wannan aiki ba. Amma babbar hanya sai an ɗaga ta da ciko, cikon kuma tifa-tifa ake kwaso shi daga daji. Leƙa irin ramin da ake bari: bakinsa a tsaye cak, ƙasan duk marmara, ko ciyawa ba ta kamawa. Idan ya cika, yaro ko saniya suka zame, babu wurin dafawa. Ita kanta hanyar da aka ɗaga tana tare ruwa, in kwalbati ya yi kaɗan sai ruwan ya nemi mafita da ƙarfinsa. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke wannan hanya a yankin Katagum, matafiya suka yi cirko-cirko.

Tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara. Aikin injiniyan muhalli a nan ba ɓoyayye ba ne. Ya kwashe ƙasar sama mai taki ya ajiye gefe, in an gama ya mayar. Ya kwantar da bakin ramin yadda dabba za ta sauka ta hau, ya kewaye shi, ya dasa darbejiya. Ya auna faɗin ƙasar da ruwanta ke taruwa a wuri guda kafin ya yanke girman kwalbati. A ƙasa irin tamu mai dogon rani, ramin da aka gyara haka mashaya ce ga makiyaya.

Ni dai a ganina, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai hakimi da masu unguwanni sun je sun ga ramin da idonsu. Kududdufan da suka rage cikin gari kuma ƙaramar hukuma ta auna su, ta kafa musu alama, ta hana kowa takardar fuloti a kansu.