Wai Ba A Yi Komai Ba, Mace Ta Haifi Mace

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, watau wai ba a yi komai ba, mace ta haifi mace. Tsofaffi na faɗinta, samari na faɗinta suna dariya, har mata su kansu su kan jefi juna da ita ran barka. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, zalunci ce kuma, wanda duk ya koyi karatu har ya iya riƙe wannan littafi da hannunsa bai kamata a sake jinta daga bakinsa ba.

Ku dubi mace mai ciki. Tun ran da ta ji motsi na fari ba ta da wani tunani sai na abin da ke cikinta. Tana daka tana saƙe-saƙe: in namiji ne, ga shi riƙe da allo za shi makaranta, ga shi ya bi ubansa gona, ga shi ya girma ya yi mata rufin ɗaki. In mace ce, ga ta a gabanta tana yi mata kitso, tana koya mata tuƙin tuwo, tana tara mata kwanoni tun ba ta yi wayo ba. Duka biyun tunani ne mai daɗi, da an bar ta da shi. Amma ba a barinta. Uwar miji ta riga ta ce, "Wannan karon dai Allah ya kawo mana magaji." Kishiya mai 'ya'ya maza na yar da habaici a bakin murhu. Maigida ya daina sakin fuska tun haihuwar 'ya ta uku, har an fara jin ƙishin-ƙishin zai ƙara aure. Sai tunanin nan ya koma zullumi, 'yan kuɗin sana'arta su ƙare wurin bokan da ya ce zai juya abin da ke ciki ya zama namiji. Ran haihuwa ungozoma ta ce mace ce, gida ya yi tsit, matar da ta sha naƙuda ta kai ranta bakin kabari ita ce ke sunkuyar da kai. Haba jama'a!

To, laifin wane ne? Masana sun gano cewa cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai waɗansu 'yan zarurruka 46 da ba a ganinsu sai da madubin likita, ana ce da su kromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ne ke raba namiji da mace, an yi musu alama da haruffan X da Y. Ƙwan mace kullum X ya ke ɗauke da shi, ba ta da wani da za ta bayar. Ƙwayoyin maniyyin namiji kuwa sun kasu biyu, wajen rabi masu X, rabi masu Y. In mai X ya shiga ƙwan, a haifi mace, in mai Y ne, a haifi namiji. An gama wannan magana tun sa'ad da ciki ya shiga, saboda haka garin maganin da boka ya bayar a wata na biyar bai canja komai ba sai nauyin aljihunsa. Abin da zai ba ku mamaki, mace ce na cikin waɗanda suka fara gano wannan, wata Ba'amurkiya mai suna Nettie Stevens, a 1905.

Wane manomi ne zai shuka gero, sa'an nan ya tsaya yana zagin gona don ba ta ba shi dawa ba? Ba kuwa cewa na ke yi a juya a tsangwami maigida ba, shi ma ba shi ke zaɓe ba. Zaɓi na Allah ne. Wanda ya yi allo ya san Suratush Shura ta bayyana cewa Allah ne ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, da mata kuwa aka fara ambato. Suratun Nahli ta zargi mutanen jahiliyya da fuskarsu kan baƙanta in an yi musu albishir da 'ya mace. Mu da ke bin mazhabar Malikiyya rago ɗaya mu ke yankawa ran suna, ko namiji ko mace, shari'a ba ta rage wa mace ko ƙafa ɗaya ba. 'Ya'yan Annabi maza, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, duk tun suna ƙanana suka rasu, ta wajen Nana Faɗima zuriyarsa ta yaɗu. Wa zai buɗe baki ya ce ba a yi komai ba a wannan gida?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce namiji shi ke riƙe gida da gona, mace kuwa ta gidan wani ce, ka sha wahalar renonta, ka ci bashi ka yi mata kayan ɗaki da gara, wani ya ɗauke. Za a kuma kawo maganar gado, wadda ita ce ainihin abin da ke hana mai ciki barci: in mutum ya mutu bai bar ɗa namiji ba, 'ya ɗaya rabi ta ke samu, biyu ko fiye su raba kashi biyu cikin uku, matarsa ta ɗauki tumuni, saura na iya tafiya ga 'yan'uwansa. Wannan tsoro gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma dangin da suka ci gado shari'a ba ta ce su ci su watsar da marayu ba, in sun yi haka laifinsu ne, ba na jinjirar da aka haifa jiya ba. Kayan ɗaki kuwa mu muka ɗora wa kanmu, gasa ce tsakanin iyaye, mu ne kuma za mu iya rage ta. Game da cewa mace ba ta riƙe gida, ku shiga unguwa ku duba tsofaffin da ke kwance, ku ga wa ke wanke musu tufafi, wa ke aiko da kunu da asuba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da 'ya'ya maza malamai, duk da haka sunan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, bai ɓace cikinsu ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, jajinta na bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ubanta bai ce ba a yi komai ba, allo ya ba ta.

Farautar namiji kuma tana cin rai. Iyayenmu kan bar mace ta yi goyo kusan shekara biyu kafin yaye, likitoci ma shawararsu ke nan, a sami hutun shekara biyu kafin wani ciki. Amma mai neman magaji ba ya haƙuri, ciki kan ciki, jini bai dawo ba, har ta faɗi wurin haihuwa ta bar 'yan matan nan a hannun kishiya.

Yanzu ga hoton ciki ya zo asibitocinmu, ana iya sanin abin da ke ciki tun wajen wata biyar. Mu dubi waɗanda suka riga mu. A ƙasar Sin, inda aka taƙaita haihuwa ga ɗa guda daga 1980 zuwa 2015, mutane da yawa sun riƙa zubar da cikin mata, ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da sama da miliyan 30. Indiya sai da ta kafa doka a 1994 ta hana likita faɗa wa iyaye namiji ne ko mace. Amfanin hoton nan shi ne a ga yadda ɗa ya kwanta, da inda mabiyiya ta ke, da ko tagwaye ne, don a shirya wa ranar haihuwa. Maigidan da ya kai matarsa asibiti, waɗannan ya kamata ya tambayi likita kafin ya tambayi komai.