Huɗubar 50mm da Masu Haddace Ta

Duk wanda ya sayi ƙaramar kyamarar DSLR, kafin batirinta ya cika an yi masa huɗuba: ajiye gilashin 18-55mm da ya zo da ita, ka sayi 50mm f/1.8. Masu wannan huɗuba haddace ta suka yi, ba su auna ta ba.

Sensar Nikon D3500 da ta Canon 2000D ba su kai ta manyan kyamarori faɗi ba, don haka 50mm a jikinsu yana gani kamar 75mm ko 80mm. A ɗakin amarya, mai hoto zai yi ta ja da baya har ya jingina da bango, rabin ƙawaye ba su shiga hoton ba. Abin da ya fi ciwo, D3500 ba ta da injin saita gani a jikinta; wanda araha ta ja shi ga tsohon 50mm f/1.8D, da hannu zai riƙa murɗawa har a watse.

Gilashin da ake raina wa kuwa, a 18mm yana kwashe ɗakin kaf. Haske kawai yake nema, kuma filashar da ake harba wa silin tana ba shi.