Filin Mata: Abin Da Ƙuna Take So

A makon jiya tukunyar kunu ta kife wa ɗiyar wata maƙwabciyata a hannu. Kafin in iso an fasa mata ɗanyen ƙwai, an barbaɗa gishiri, aka ce a bar wurin ya sha iska ya bushe. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma kuskure ne.

Tun cikin 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya ga miki mai laima ya fi busasshe saurin yin sabuwar fata. Wannan binciken ne ya buɗe hanyar irin bandejin da likitoci ke kira haidirojel.

Kun san yadda romon ƙafar saniya yake daskarewa in ya kwana? To, kamanninsa ke nan. An yi shi da waɗansu zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani, masu sarƙe da juna kamar raga, galibinsa kuwa ruwa ne. In an shimfiɗa shi a kan ƙuna sai ya sanyaya wurin, zafi ya ragu. Ba ya kuma manne wa nama kamar auduga, balle yarinya ta yi ta ihu ranar wanki.

Amma fa laima ƙwayoyin cuta ma suna sonta. Don haka ake sa wa waɗansunsa azurfa, ko zuma da aka tace musamman don asibiti, ko wani sinadari da ake samu daga ɓawon ƙaguwa. Waɗannan su ke kashe ƙwayoyin kafin wurin ya ruɓe. Sai dai bai dace da miki mai zubar da ruwa da yawa ba. Zaɓen wanda ya dace aikin likita ne.

Namu aikin ga shi. In yaro ya ƙone, ki yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara. Kada ki fasa bororon. Ki rufe da ƙyalle mai tsabta, ki nufi asibiti. Ƙwai da gishiri kuwa a bar su a madafa.

Ku 'yammatan makaranta, ku karanta wa iyayenmu wannan da ladabi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.