Ku daina zagin XSLT, xsl:for-each ɗin ne ba ku gane ba

1/ Jiya da dare wani ƙanina daga Shanga ya turo min fayil ɗin XML: lissafin kifin da ake saukewa a Yauri, da ODK ya tattara. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, kowanne da kilonsa. Jimilla yake so, XSLT na ba shi sifili. Wai "Yaya, yaren nan ya mutu." Haba malam.

2/ Ga abin da ya yi: ya ajiye xsl:variable a saman fayil da 0, yana so duk kifin da for-each ya taɓa ya ƙara kilonsa a kai, kamar a Python. A XSLT abin da ka ba variable ya zauna ke nan, ba ya canzawa. Wanda ka sake rubutawa a ciki sabo ne, daga an wuce wannan kifin ya ɓace.

3/ Kuma ba kuskure ba ne, haka W3C ta tsara shi tun XSLT 1.0 a 1999. for-each ba zagayen ƙirga ba ne. Cewa kake: duk abin da select ya kamo, a yi masa kaza. Jimilla? sum(//kifi/@kilo), layi ɗaya. Lambar jeri? position(). Daga babba zuwa ƙarami? xsl:sort, amma ka sa data-type="number", in ba haka ba a jerin 9 zai fi 80.

4/ Na biyu ya fi ba ni haushi. A cikin for-each kana tsaye ne a kan kifi ɗaya, @kilo kawai za ka rubuta. Shi ya rubuta //kifi/@kilo, a 1.0 kuwa value-of na farko kaɗai yake ɗauka. Kowane layi ya fito da kilon kifin farko, kuma ba wani gargaɗi. Da wannan rahoton za a biya mutane kuɗi fa.

5/ Ku kuma ƙwararrun da ke cewa kada a taɓa for-each, sai apply-templates: a tsarin da abubuwa ke cuɗe da juna, kamar littafi mai babi da sakin layi, kun yi gaskiya. Amma teburin kifi mai shafi uku? Ku bar yaro ya gama aikinsa.

6/ Layi biyu muka gyara, jimilla ta fito kafin cajin wayarsa ya ƙare.